A ware nas guda don koyar da ma'aikata kawai: ya dace ko bai dace ba?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Ina neman shawararku. Kwamitin nas na asibitinmu zai zauna da hukumar gudanarwa ƙarshen wata, ni aka ɗora wa rubuta buƙatunmu. Abin da nake so in sa a sahun gaba shi ne a ware mana ƙwararriyar nas guda, a cire ta daga jadawalin duti gaba ɗaya, aikinta kawai koyar da mu a bakin gado. Ba malamar aji nake nufi ba, ba kuma mai zama a ofis tana tsara sunayen masu tafiya bita ba. Wadda yau tana ɗakin haihuwa, gobe ɗakin yara, jibi ta kwana da masu dutin dare, ta ga yadda hannu ke aiki ta gyara nan take.

Abin da ya sa: manyanmu sun ragu, wasu ritaya, wasu ƙetare. Yaran da ake kawo mana suna da ƙoƙari, amma babu mai tsaya musu. Akwai na'urar tace iskar oksijin da aka ba mu kyauta, tana sito cikin kwalinta, saboda wanda aka nuna wa yadda ake sarrafa ta an yi masa canjin wurin aiki. Me kuke gani?

Nas Bala:
Wa alaikumus salam. Anti, ba na musun amfanin abin, amma daga ina za a ciro ta? Ɗakin maza na wajenmu gado talatin da wani abu ne, nas biyu ke kwana da shi, wani daren ma ɗaya da atendan. Kin ce ƙwararriya, ke nan wadda ta fi kowa iya samun jijiya, wadda ake kira idan abu ya cuɗe, ita za a zare. Wa zai toshe gurbinta? Shugaban hukumar kula da nas da ungozomomi ta ƙasa (NMCN) na lokacin, Faruk Abubakar, shi da bakinsa ya faɗa a farkon 2024 cewa nas 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Marar lafiya da ke jiran allurar ƙarfe biyu na dare hannu yake buƙata. A fara ɗaukar ma'aikata tukuna.

Ummu Hanan:
Ina bayan Malam Bala. Kuma ai muna yin bitar dole ta ƙara wa juna sani, MCPDP, kafin sabunta lasisi duk shekara uku. Wannan bai isa ba?

Hajiya Inna, mai ritaya:
Sannunku da aiki 'ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Bala, na ji kukanka, gaskiya ka faɗa. Amma bari in tuna muku wani abu da na gani da idona a Kano.

Da, in aka kawo mai ciki ko mai jego tana jijjiga, diyazafam muke yi mata, mu yi ta addu'a. Maganin magnesiyam salfet yana cikin littafi tun tuni, kowa ya karanta shi, amma tsoronsa ake ji, ana cewa yana tsayar da numfashi. A 2008 aka shigo da shi manyan asibitocin jihar guda goma, tare da tallafin ƙungiyar Population Council. Ba kwalaben kawai aka sauke aka tafi ba. An horar da likitoci da ungozomomi, su kuma suka koma asibitocinsu suka koya wa sauran, aka manna takardar ƙa'ida a bango. Binciken da aka buga daga baya ya nuna mata masu mutuwa cikin waɗanda ciwon ya kama sun sauko daga kashi 20.9 cikin ɗari zuwa 2.3. Ma'aikatan nan su ne dai na jiya. Abin da ya sauya, an kawo maganin, an zaunar da su an nuna musu.

Kuma nunin ba na baki ba ne. Yarinya za ta iya haddace giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɗuwawu. Amma da tsakar dare, mace na fizge-fizge, dangi na salati a bakin ƙofa, sai ta tsaya da sirinji a hannu tana tunanin yadda za ta mayar da mai ƙarfin kashi 50 ya koma kashi 20. Wadda aka taɓa riƙe wa hannu ta zuƙi mililita (mil) 8 na magani ta ƙara mil 12 na ruwan allura, aka sa ta tura a hankali ana kallon agogo tare, ba ta tsayawa. Ta san kafin ta ƙara na bayan awa huɗu sai ta ƙirga numfashi bai gaza 16 a minti ba, ta buga gwiwa ta ga ƙafa ta motsa, ta duba jakar fitsari. Ta san inda kalsiyam gulukonet, makarin maganin in ya yi yawa, yake a kan tire. Wannan ba a koyonsa a zauren otal.

Ummu Hanan:
Mama, Allah ya ƙara lafiya. To ai kin ce horarwa aka yi, su kuma suka koma suka koyar. Ba a ware kowa ba.

Hajiya Inna, mai ritaya:
Haka ne 'yata. Amma ki tambayi kanki ina waɗanda aka horar ɗin suke yau. Mun tsufa mun tafi. Shiri yana zuwa da kuɗinsa, ya ƙare da kuɗinsa. In ba a sa wa mutum guda alhakin abin a wuyansa ba, duk sabuwar da ta zo sai dai ta koya a wurin wadda ta tarar, daidai ko ba daidai ba.

Dakta Abu Amir:
Ku ba ni dama in sa baki duk da ni baƙo ne a zaurenku. Ni ɓangaren mata nake. Hajiya ta kawo na 2008, bari in kawo na kusa.

Binciken E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa da aka buga a watan Mayun 2023 an yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Babu sabon magani ko ɗaya a ciki. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace bayan haihuwa, jinin ya taru a ciki, ungozoma ta ga ya kai mil 500 da idonta maimakon kintace. Da ya kai, sai a yi komai a lokaci guda: murza mahaifa, allurar oksitosin da ta tiranezamik masu tsayar da jini, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, kiran na gaba in bai tsaya ba. Ba a jira a ga ko na farko ya yi aiki kafin a yi na biyu. A asibitocin da aka yi haka, matan da suka zubar da jini mai tsanani ko aka yi musu tiyata ko suka rasu saboda jinin kashi 1.6 ne cikin ɗari, a sauran kuwa 4.3.

Abin da mutane ke tsallakewa in suna ba da labarin nan: a kowane asibiti an yi atisaye a wurin aiki, an naɗa mutanen cikin gida da ke bibiyar abin, an tanadi akwatin kayan zubar jini a wuri guda, kuma ana dawo wa ma'aikata da alƙaluman aikinsu su gani. Ledar ita kaɗai ba ta ceci kowa ba. Na ga inda aka kawo ta aka jibge, ana shimfiɗa ta bayan jini ya riga ya jiƙa zani. Wanda zai tsaya ya ce ba haka ake yi ba, mu sake, shi ne mutumin da Maman Sadiq ke nema. Mu likitoci muna zagaye mu wuce. Mai zama da mai jego awa takwas ku ne.

Nas Bala:
Dakta, na gode, alƙaluman sun shige ni. Amma can bincike ne, akwai kuɗin Turawa a bayansa. Mu nan safar hannu ma dangin marar lafiya ke saya.

Dakta Abu Amir:
Gaskiya ne. Sai dai cikin duk abin da na lissafa, atisayen shi ne mafi arha.

'Yar Auta:
Ina wuni iyayena da yayyena. Ni ban daɗe da fara aiki ba, ina jin nauyin magana a gabanku, amma abin ya shafe mu sosai.

Gaskiya tambaya tana mana wuya. In ka tambayi babba lokacin da aiki ya yi mata yawa, sai ta ce me aka koya muku a makaranta, a gaban marasa lafiya. Ba muguwa ba ce, gajiya ce. Amma daga ranar ba za ka ƙara tambaya ba, sai ka koma lungu ka duba waya.

Akwai wata Anti a ɗakin haihuwarmu, in dare ya yi sauƙi takan ɗauko 'yar tsanar jariri da jakar busa iska ta ce mu zo. Za ta sa ka shimfiɗa ta, ka ɗan ɗaga haɓa, ka ɗora abin rufe hanci da baki, ka matsa. In ƙirji bai tashi ba ba za ta ce komai ba, sai ta sa yatsa ɗaya ta gyara kwanciyar kan, ta danna gefen robar inda iska ke zurarewa, ta ce sake. Sai ka ga ƙirjin ya ɗaga. Tana riƙe da agogo, ta ce minti ɗaya kike da shi daga fitowarsa. A makaranta mun yi wannan, amma mu da yawa a kan 'yar tsana ɗaya, wasu ko taɓawa ba su yi ba. Damuwata ita ce sai an haɗa ku duti ɗaya da ita za ka samu. Ƙawata da ke ɗaya rukunin ba ta taɓa samu ba. Da aikinta ke nan, kowa zai samu.

Malama Binta, makarantar nas:
Ƙanwata, kin yi magana mai kyau, kuma ba ki yi mana ƙarya ba game da cunkoson aji. Abin da Antin nan take yi da ku an gwada shi a rubuce. Shirin taimaka wa jarirai su yi numfashi, Helping Babies Breathe, da aka fara a 2010 shi ya zo da maganar minti ɗaya na farko. A asibitin Haydom da ke karkarar Tanzaniya an yi wa ma'aikata bitar yini ɗaya. Da aka gwada su a kan 'yar tsana bayan watanni, sun iya. Da aka duba abin da suke yi a ɗakin haihuwa, bai sauya ba. Sai da aka ajiye 'yar tsanar a cikin ɗakin, aka riƙa yin gajeren atisaye na 'yan mintuna a kai a kai, da ungozomomin wurin a matsayin masu koyarwa, sannan mutuwar jarirai a yinin farko ta ragu.

Wannan ita ce amsata gare ki Ummu Hanan. Bitar MCPDP tana da amfaninta, tana sabunta sani, kuma doka ce. Amma kwana kaɗan ne cikin shekara uku, a zaune, da takarda. Hannu yana mantuwa da sauri fiye da haka.

Sista Ladi:
Gaisuwa daga Ingila, ina bin ku tun safe. Abin da kuke magana a kai shi na tarar a nan. Bayan shekarun da na yi ina aiki a gida, da na zo ba a bar ni na riƙe marar lafiya ni kaɗai ba. Makonnin farko ba a ƙirga ni cikin masu duti ba. Akwai nas da aikinta ke nan a sashenmu, ita ta shirya mu jarrabawar aikin hannu ta OSCE, ita ta bi ni da takarda: wannan famfon ƙarin ruwa, nuna min yadda za ki saita shi, wannan na'urar awon suga, yi in gani. Sai ta sa hannu kafin a yarda in taɓa abin ni kaɗai. Da farko raina ya sosu, ina ganin me za a koya min. Daga baya na gane ba raini ba ne, Baturiyar da aka ɗauka tare da ni ma haka aka yi mata. Kuma su ma suna kukan ƙarancin ma'aikata, amma ba su rufe wannan kujerar ba.

Nas Bala:
Sista Ladi, ba da ke nake ba, Allah ya sani kowa da uzurinsa. Amma ga abin da hukuma za ta ce wa Anti: mu kashe kuɗi mu goge su, su ƙware, su bi Ladi. Riba ta tafi Ingila da Saudiyya.

Sista Ladi:
Yaya Bala, ba ƙwarewa ce ta kore ni ba. Albashi ne, da kuma daren da za ka kwana kai kaɗai da mutum yana mutuwa a hannunka babu wanda za ka kira. Mai niyyar tafiya za ta tafi ko an koya mata ko ba a koya mata ba. Waɗanda suka rage fa, da marasa lafiyan da ke hannunsu?

Maman Sadiq:
Wannan ita ce maganar. Cikin yaran da suka bar mu akwai waɗanda ba ƙetare suka tafi ba, barin bakin gado suka yi gaba ɗaya, wata kasuwanci, wata ta nemi ofis. Shekarar farko ce ke karya su.

Baban Khalifa:
Ni ɓangaren hana yaɗuwar cuta nake, kuma ina roƙon kada a taƙaita abin ga nas kawai. Masu shara, masu wanki, atendan, masu tura gawa, wa ke koya musu? Su ne ke kwashe amai da jini. Zazzaɓin Lassa tun da aka gano shi a 1969, waɗanda ya fara kashewa da aka sani nas ne guda biyu 'yan mishan, ɗaya ta kamu a garin Lassa na Borno, ɗayar ta kamu wajen jinyarta a Jos. Har yau duk rani sai ya taɓa ma'aikatan lafiya. Lokacin mashaƙo a Kano a 2023 ma mun ga yadda ake neman wanda ya san yadda ake gwaji da ba da maganin kashe dafin cutar, domin yawancinmu a littafi kawai muka san ta.

Ku shiga sito ku tambayi mai shara yadda take haɗa ruwan bilic na goge jini. Za ta ce tana zubawa har sai ya yi wari. Alhali mai ƙarfin kashi 3.5 da ake sayarwa, awo ɗaya ne a ruwa awo shida, a haɗa sabo kullum. Minti biyar ya isa a nuna mata da gwangwani, da Hausa. Amma aikin wa ne? In-caj na fama da jadawali da rahoto.

Ummu Hanan:
To na fara saukowa. Tsorona ɗaya: kada a ba wadda za ta zame mana 'yar sanda. An taɓa yi mana mai zagaye da littafi, duk wanda ta gyara wa abu, sati mai zuwa takardar tuhuma ta biyo. Muka koma ɓoye mata komai.

Malama Binta, makarantar nas:
Tsoronki yana kan hanya, kuma a nan abin ke lalacewa. Maman Sadiq, in za ki rubuta, ki rubuta wannan ƙarara: abin da ta gani wajen koyarwa ba ya shiga fayil ɗin ladabtarwa ko takardar ƙarin girma, sai in abin ya kai ga sakaci da rai. In ba haka ba babu mai ce mata ban iya ba, kuma aikinta duka a kan wannan kalmar ya tsaya.

Sai zaɓe. Mu a nan da girma muke raba kujera. Za a duba wa ya fi daɗewa, ko wa ƙafa ke damu a sauƙaƙa mata. A'a. A nemi wadda hannunta ke cikin aiki har yanzu, wadda yara ke zuwa wurinta da kansu. Kowane asibiti ya san tasa, kamar Antin da 'Yar Auta ta ambata. In tana da takardar koyarwa, madalla, in babu a tura ta daga baya. Kuma a ba ta matsayi da alawus, domin barin duti yana nufin rasa kuɗin duti, ba wadda za ta yarda ta yi asara don ta taimaka. Manyan asibitocin koyarwa da yawa suna da sashen ci gaba da ilimin nas, amma sau da yawa ƙarfinsa na ƙarewa a lacca da shirya bita. Abin da ake nema a nan ya bar ofis ya shiga ɗaki.

Nas Bala:
To ga tsaka-tsaki. A ba ta kwana biyu a mako na koyarwa, sauran ta yi dutinta. Ba a rasa hannu gaba ɗaya ba, an kuma fara.

Hajiya Inna, mai ritaya:
Bala ɗana, na riƙe jadawali shekaru, na san abin da zai faru. Ranar koyarwarta wata za ta kira ɗanta ba lafiya, wata ta tafi hutun haihuwa. In-caj za ta ɗaga ido ta ga ƙwararriya tsaye da 'yar tsana, ta ce don Allah yau kaɗai ki rufa mana. Ni ma da nake kujerar haka zan yi, domin gadon da ke gabana nake gani. Yau kaɗai, yau kaɗai, kafin wata uku kwana biyun sun narke. In dai sunanta na cikin jadawali, jadawali zai cinye ta.

Kuma kada ka ɗauka in an cire ta ta daina taɓa marar lafiya. Tana ɗakin. Yarinya na sa kanula tana gefenta, jijiya ta ɓuya ta karɓa ta nuna. Abu ya rikice, ita ce ta farko a wurin, domin ba ta da gado goma sha biyar da ke jiranta.

Nas Bala:
Mama, a kan wannan na sallama. Amma sharaɗina na nan: a rubuta a takarda ɗaya cewa za a kawo wadda za ta maye gurbinta a jadawali kafin a cire ta. In ba haka ba mu za mu biya da dutin dare, kuma ma'aikata za su tsane ta tun ba ta fara ba. Sannan ta riƙa zuwa da dare da ƙarshen mako. Duk wani abin alheri a asibiti da safe ake yinsa, masu dare sai labari.

Maman Sadiq:
Na karɓa Malam Bala, duka biyun za su shiga, da na Malama kan fayil, da na Baban Khalifa kan masu shara. Dakta, hukuma za ta tambaye ni da me za a gane abin ya yi amfani. Me zan ce musu?

Dakta Abu Amir:
Ki zaɓi abu kaɗan da kuke iya ƙirgawa daga rajistar da kuke da ita. Cikin matan da suka zubar da jini, nawa aka yi wa tiranezamik cikin awa uku da haihuwa. Cikin masu jijjiga, nawa aka cike musu takardar lura kafin kowace allura. Jarirai nawa aka busa wa iska, nawa suka tashi. Ki ƙirga na wata shida da suka wuce tun yanzu, kafin a fara, don a sami abin kwatantawa. Ki nemi gwajin shekara ɗaya a ɗakin haihuwa da na jarirai, kada ki nemi asibiti duka a tashin farko. In kina so zan sa hannu a takardar, zan kuma yi wa shugaban sashenmu magana.

Maman Sadiq:
Ina so ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura kayan atisaye, ba mu da 'yar tsana ko ɗaya, kuma na san za a ce babu kuɗi.

Malama Binta, makarantar nas:
Ki fara tambayar mai kula da sito da ofishin kula da lafiyar mata da yara na jiharku, shirye-shiryen baya sun raba irinsu da yawa, wasu na kulle a kabad. In ba a samu ba, ki rubuto wa makarantar nas mafi kusa da ku neman aro lokacin hutun ɗalibai. Na zubar jini kuwa ba sai an saya ba: ɗaya ta kwanta a matsayin mai jego, a zuba ruwa mai kala a leda, a kunna agogo. Turo min lambarki ta akwatin sirri in aiko miki da tsarin atisayen da muke amfani da shi.